Hazon ƙwaƙwalwa bayan mura: nazarin lamarin wani akawun albasa a Sakkwato

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mazaunin cikin garin Sakkwato, kuma ya yarda a rubuta abin da ya same shi bisa sharaɗin a ɓoye sunansa, saboda haka zan riƙa ce masa Malam, yadda ake kiransa a kasuwa. Aikinsa riƙe lissafin wani babban dillalin albasa: shi ke karɓar kaya daga hannun manoman Wurno da Goronyo, shi ke tsayawa a kan buhunan da ake loda wa motocin Legas da Anacha, shi kuma ya san wanda aka sallama da wanda ke bin Alhaji bashi. Ya fi shekara goma a kan wannan aiki, kuma abin da aka san shi da shi shi ne, kafin yaro ya gama latsa kalkuleta ya riga ya faɗi jimla. Yana da littafin lissafi, amma sai an tashi kasuwa yake zama ya cika shi daga ka. Da wannan ma'auni za a auna duk abin da zai biyo baya.

A ƙarshen Disamban 2023, ana tsakiyar hunturu, mura mai zafi ta kwantar da shi: zazzaɓi na kwana uku, ciwon gaɓoɓi, ciwon maƙogwaro da busasshen tari. Matarsa da biyu daga cikin yaransa ma sun kwanta a wannan makon. Bai je asibiti ba, kemis ya ba shi farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro da na tari, kuma ba a yi masa gwajin korona ba, abin da ba zai ba kowa mamaki ba tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan cutar tun 5 ga Mayun 2023, mutane kuma suka koma ɗaukar kowace mura a matsayin murar hunturu. Bayan kwana goma ya koma bakin aiki yana ganin ya warke. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai: zai shiga rumfa maƙare da albasa, idonsa ya yi yaji har ya kawo ruwa, amma hancinsa ba ya jin komai. Dalilin haka kuwa, jijiyar da ke ɗaukar yaji daban take da wadda ke ɗaukar ƙamshi da wari, kuma ta biyun ce ƙwayoyin cutar numfashi, musamman korona, suka fi taɓawa. Ga mai sana'ar albasa wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin da hanci ake fara gane buhun da ruɓa ta shiga tun kafin a kwance bakinsa.

Matsalar kai ta fara leƙowa a cikin Janairu, ta tsananta a Fabrairu da Maris, lokacin da albasar rani ta sauka aiki ya yi yawa. Abin da ya fara faɗa mini ranar da muka haɗu shi ne, "Likita, wanga kai ba nau na ba." Da na nemi ya fayyace, sai ya ce kamar direban da ya kama hanyar Illela ranar da hazo ya sauka yake: hanyar tana nan, ya san kowace kwana da kowane rami, amma ba ya hangen gabansa, dole ya rage gudu, kuma ya isa a gajiye. Sunan da aka fi sanin wannan yanayi da shi a duniya ma daga hazo aka aro shi, don haka hazon ƙwaƙwalwa zan ci gaba da kiransa. Manomi zai ce buhu talatin da bakwai, kafin Malam ya zaro biro daga aljihu lambar ta ɓace. Idan mutum biyu suna magana lokaci guda, ga direba yana kira a waya, sai komai ya cakuɗe masa ya tsaya yana kallon mutane. Sunan manomin da suka shekara takwas suna hulɗa yakan maƙale masa a baki, ya san fuskar, ya san ƙauyen, ya san bashin da ke tsakaninsu, sunan kuwa sai mutumin ya tafi yake faɗo masa. Ya taɓa tura wa mutum ɗaya kuɗi sau biyu a yini guda, ya kuma taɓa rubuta buhu 14 a inda ya kamata ya rubuta 41. Tsohon abu kuwa yana nan daram: ya tuna yadda ciniki ya kasance a shekarar 2019 da aka rufe iyakoki, kuma izifin da ya haddace yana yaro bai goge ba.

Abin da ya fi tayar masa da hankali a masallaci yake faruwa. A sallar azahar ko la'asar zai miƙe bai san raka'a ta uku yake ciki ba ko ta huɗu, ƙabli da ba'adi suka zame masa abin kullum, har ya fara maimaita salla yana zargin imaninsa. Limamin unguwarsu ne ya kwance masa wannan ƙulli, ya bayyana masa cewa a fiƙihun Malikiyya wanda kokwanto ya aura, yake zuwa masa kullum, ba a ɗora masa gyara kowane lokaci, watsi zai yi da kokwanton ya yi sujada biyu bayan sallama, ya kuma shawarce shi ya lizimci jam'i domin liman ya ɗauke masa ƙidaya. A ganina wannan ne taimako na farko mai amfani da ya samu, kuma ya same shi tun kafin ya taka asibiti.

Sunaye uku da aka ba ciwon

Kafin ya zo wurina an riga an raɗa wa ciwon suna uku. Na farko taifot. Ya je wani ɗakin gwaji aka yi masa gwajin Widal, aka ce ya nuna, ya sha maganin kashe bakteriya zagaye biyu, aka yi masa ƙarin ruwa, ya sake shan maganin zazzaɓin sauro. Duk mai aikin lafiya a Arewa ya san wannan hanya, kuma ba na ɓoye ra'ayina a kanta: gwajin Widal guda ɗaya, a ƙasar da jama'a da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, yakan nuna ko da mutum lafiyarsa ƙalau, taifot na gaske kuma da zazzaɓi mai naci yake zuwa, ana tabbatar da shi ne ta hanyar renon ƙwayar cutar daga jini. Malam kuwa ya fi wata biyu jikinsa bai yi zafi ba.

Suna na biyu daga mahaifiyarsa ya fito. Inna ta ce an sa masa hannu ne saboda kusancinsa da Alhaji, aka shiga rubutun sha da hayaƙi da jiƙo. Ban hana addu'a ba, kuma ba hurumina ba ne in hana, abin da na nema kawai shi ne a dakatar da jiƙon da shi kansa bai san abin da ke cikinsa ba. Suna na uku shi ya fi yi masa ciwo. A kasuwa aka fara raɗe-raɗin ko ƙwaya ya fara sha, ko kuwa da gangan yake rikita lissafi don ya ci wani abu. Alhaji bai furta komai ba, amma ya sa ɗansa ya riƙa bin littafin a bayansa, kuma Malam ya gani. Wani abokin wasa ya ce a kai shi Kware, inda asibitin tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa yake, asibiti ne mai aikinsa, amma sunan garin a bakin 'yan kasuwa gori ne. Tsoron kada a ƙare da shi can ya sa ya jinkirta neman likita kusan wata guda.

Abin da bincike ya nuna

Ya zo a goman ƙarshe na azumin 2024, farkon Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wata uku da 'yan kwanaki ke nan bayan murar. Matarsa ce ta matsa, kuma tare suka zo. Aikin farko shi ne kawar da abubuwan da ba sa jira. Lokacin sanƙarau ne, kuma Sakkwato na cikin yankin da ya sha annobarsa a 2017, amma babu zazzaɓi, babu sandarewar wuya, babu matsanancin ciwon kai. Babu raunin ɓarin jiki ko karkacewar baki ko nauyin harshe da za su nuna shanyewar jiki, bai taɓa farfaɗiya ba, bai bugu a ka ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, da wannan nazari ya ɗauki wata hanya, domin gaggawa za a yi da shi a ranar. Daga nan aka auna hawan jini da sukari da yawan jini, aka duba zazzaɓin sauro da ƙoda da hanta da tayirod (ƙullin da ke wuya mai daidaita kuzarin jiki) da bitamin B12 da cutar ƙanjamau, aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna iskar oksijin a jini. Duk sun fito daidai. Na auna bugun zuciyarsa yana kwance, na sake aunawa yana tsaye har minti goma, domin wasu masu irin wannan larura bugunsu kan ƙaru da 30 ko fiye a minti idan sun miƙe, jiri ya ɗebe su. Nasa ya ƙaru amma bai kai nan ba.

Tambaya a kan abin da yake sha ta fi gwajin jini amfani. Tun lokacin murar yake shan Piriton kowane dare don ya samu barci, alhali wannan magani, kamar sauran tsofaffin magungunan mura masu sa barci, yana dusashe hankali har zuwa washegari. Da rana kafin azumi goro da shayi mai kauri yake dannawa don ya wartsake, da azumi ya kama kuma ya mayar da su bayan buɗa-baki, ya ƙara da lemon gwangwani mai sa kuzari. Ga tahajjud, ga sahur, ga zafi, ga rashin wuta, barcinsa bai wuce awa huɗu a gutsuttsure ba. Mai gaggawa zai ce an gano bakin zaren. Amma hazon ya fara tun Janairu, ana sanyi, babu azumi, barcinsa bai ragu haka ba a lokacin. Waɗannan abubuwa ƙara wa Barno dawaki suka yi, ba su suka kawo ciwon ba.

Na yi masa gajeren gwajin ƙwaƙwalwa irin na minti goma mai maki 30, wanda ake ɗaukar 26 zuwa sama a matsayin lafiya: riƙe kalmomi biyar, maimaita lambobi daga baya, cire bakwai-bakwai daga ɗari, jero sunaye cikin minti ɗaya. Ya haye, a bakin iyaka. Da takardar kawai zan duba, da na sallame shi. Amma ina kallonsa lokacin da yake cewa casa'in da uku, ya yi shiru, tamanin da shida, ya runtse ido yana motsa yatsu, saba'in da tara. Amsoshin daidai ne, sai dai mutumin da ke ninka farashin buhu ɗari biyu a ka bai kamata ya nemi yatsunsa a kan wannan ba. An tsara irin wannan gwaji ne don kama gigin tsufa, ba shi da labarin inda mutum yake kafin ya yi ciwo. Saboda haka na ce ya dawo da littafinsa na kasuwa, na ba shi shafi ɗaya ya haɗa jimla a ɗaki shiru, ya yi daidai. Na ba shi shafi na biyu, na kunna rediyo, ina jefa masa tambaya jefi-jefi. Kafin ya kai rabi ya ɓata sau uku, gumi ya keto masa, ya ajiye biro ya ce kansa ya yi nauyi. A nan ciwon yake: saurin sarrafa bayani, da riƙe abu a ka na ɗan lokaci, da raba hankali gida biyu.

Gigin tsufa bai dace da shi ba, domin shekarunsa ba su kai ba, abin ya zo ne a cikin makonni bayan ciwo sananne, kuma shi ne ke lissafa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, alhali mai gigin tsufa galibi iyalinsa ne ke kawo ƙara shi yana musu. Ciwon damuwa ya fi wuyar rabewa, domin shi ma yana rage kaifin tunani. Malam yana da damuwa, babu shakka, amma a bayan hazon ta zo, kuma sha'awarsa ga aiki da iyali da hira ba ta mutu ba. Yana so ya yi, ƙarfin ne ke yankewa.

Matarsa ce ta kawo abin da ya cike hoton. Ta ce, "Likita, ranar da Malam ya wuni kasuwa ba ya faɗuwa, sai wanshekare." Idan ya yi yinin lodi mai nauyi, ko ya yi doguwar tafiya, da daddare lafiya lau, amma washegari ko jibi sai ya tashi kamar an yi masa duka, magana ma da ƙyar. Shi bai taɓa haɗa biyun ba saboda tazarar da ke tsakaninsu. Wannan koma-baya da ke zuwa awa 12 zuwa 48 bayan wahala, ta jiki ce ko ta tunani, alama ce sananniya a larurorin da ke biyo bayan ciwon bairos, kuma ita ta tsara duk shawarar da na ba shi daga baya.

A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar larurar bayan korona: alamomin da ake samu galibi wata uku daga fara ciwon, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wani ciwo da ya bayyana su, manyansu gajiya da ƙarancin numfashi da raunin tunani. Malam ya cika sharaɗin lokaci da na alamomi, ɗaukewar jin wari kuma ta karkata zato ga korona. Tunda ba a yi gwaji a lokacin murar ba, abin da na rubuta a katinsa shi ne hazon ƙwaƙwalwa bayan ciwon numfashi na bairos, mai yiwuwa korona. Sanin ainihin ƙwayar ba zai sauya kulawar ba, domin mura mai tsanani ta infuluwenza ma takan bar irin wannan saura, kuma likitocin da suka ga annobar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, sun rubuta labarin mutanen da suka tashi daga ciwon suka daɗe cikin kasala da raunin tunani.

Malam ya tambaye ni kai tsaye ko ƙwaƙwalwarsa ta lalace ne, kuma na amsa masa da abin da masu bincike suka gano. A Fabrairun 2024, lokacin da yake tsakiyar wahalarsa, masana na Kwalejin Imperial da ke Landan suka wallafa sakamakon gwajin tunani da suka yi wa mutum kusan 113,000 a Ingila. Waɗanda suka yi korona suka warke sun gaza waɗanda ba su yi ba da kwatankwacin maki 3 a ma'aunin kaifin basira, waɗanda alamominsu suka ƙi tafiya da maki 6, waɗanda aka kwantar a sashen kulawa ta musamman da maki 9. Abin da na fi jaddada masa shi ne, waɗanda suka daɗe da alamomi amma daga baya suka warware sun koma kusa da masu gajeren ciwo, wato hazon yana yayewa. Kafin wannan, a 2022, masana a Jami'ar Oxford sun kwatanta hoton ƙwaƙwalwar mutum 785 da aka ɗauka sau biyu, 401 daga cikinsu sun kamu da korona a tsakani, suka ga ɗan raguwa a sassan da ke da alaƙa da jin wari da tuna abu, abin da ya yi daidai da yadda matsalolin Malam biyu suka zo tare. Game da yadda abin ke faruwa, binciken da aka yi a jami'o'in Stanford da Yale a Amurka a 2022 ya nuna cewa ɓerayen da cutar ta tsaya musu a huhu kaɗai ma sun samu kumburi a ƙwaƙwalwa, saboda sinadaran da garkuwar jiki ke saki, kuma an ga makamancin haka da infuluwenza. Wani binciken na Dublin a 2024 ya gano yoyo a shingen da ke raba jini da ƙwaƙwalwa a wasu masu hazon. Ba sai ƙwayar cutar ta shiga kai ba ke nan, yaƙin da jiki ya yi da ita kan bar ɓarna a baya. Da na gama, ya ce in maimaita wa matarsa a gabansa, sannan ya roƙi in rubuta takarda gajera da zai kai wa Alhaji. Na rubuta.

Kulawa da yadda ta kaya

Babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana yaye wannan hazo, kuma na faɗa masa haka ƙarara don kada ya ci gaba da zubar da kuɗi. Ko maganin Paxlovid da ake ba masu sabon kamu da korona, da aka gwada shi na kwana 15 a kan mutum 155 masu daɗaɗɗun alamomi a Stanford, bai fi ƙwayar gwaji da babu Paxlovid a cikinta ba. Abin da muka fara da shi ragi ne: aka ajiye Piriton, aka ajiye lemon kuzari, goro da shayi suka tsaya daga azahar. Game da sauran kwanakin azumi na ce ya tambayi limaminsa, tunda Alƙur'ani ya ba marar lafiya rangwamen ramawa, ya sha kwana huɗu, ya rama bayan damina ta sauka gari ya yi sanyi.

Sai babban aikin, wato kasafta ƙarfi. Na ce ya sayi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana da yadda ya tashi washegari, matarsa tana taya shi. Cikin mako uku littafin ya nuna cewa yana iya aikin kai na awa uku zuwa huɗu ba tare da ya biya washegari ba, kuma mafi kyawun lokacinsa daga bayan asuba ne zuwa hantsi. A kan haka aka sake tsara yininsa: lissafin kuɗi da safe a gida, waya a kashe, kowace lamba a rubuta ta nan take, manomi ya maimaita, shi ma ya maimaita, ɗan ƙanensa ya tsaya a bakin mota wurin lodi, ƙailula bayan azahar ba fashi, ruwa a kusa da shi kullum. Mafi wuya shi ne koya masa ya tsaya tun bai gaji ba. Mutanenmu sun saba da cewa ciwo idan an kwanta masa yake ƙaruwa, kuma a cututtuka da yawa akwai gaskiya a ciki, amma ga mai irin wannan koma-baya dagewa da ƙarfin hali mayar da hannun agogo baya take yi, shi ya sa ban sa shi motsa jiki mai ƙaruwa mako-mako ba, tafiya zuwa masallaci da dawowa ta isa a farko. Don hanci kuma na koya masa horon da likitoci a Jamus suka bayyana a 2009: shaƙar ƙamshi huɗu safe da yamma, kowanne 'yan daƙiƙu, na aƙalla mako 12. Ya zaɓi kanumfari da lemun tsami da citta da turaren da ya saba shafawa ranar Juma'a.

Takardar da ya kai wa Alhaji ta yi aiki fiye da yadda na zata. An rage masa aiki ba a rage masa matsayi ba, ɗan Alhaji kuma ya koma mai taya shi a fili maimakon mai bin sawunsa a ɓoye.

Wata biyu na farko ya ga sauƙi a hankali, har ya ruɗu. A makon Babbar Sallah, tsakiyar Yuni, ya yi zirga-zirgar kara neman rago, ya tsaya a kan yanka da rabon nama, ya kai gaisuwa ƙauye, duk cikin kwana uku, sai ya kwanta kusan mako biyu, ya dawo wurina yana cewa an koma gidan jiya. Muka buɗe littafin tare, ya ga da idonsa cewa ko a wannan faɗuwa bai kai ƙasan inda yake a Maris ba. A daidai wannan lokaci jin wari ya fara dawowa, amma a karkace: albasa ta koma yi masa warin ƙonanniyar taya, soyayyen nama kuma kamar ya lalace. Wannan ma sananne ne yayin da jijiyoyin hanci ke farfaɗowa, kuma albasa da tafarnuwa na cikin abubuwan da suka fi tayar da shi, sai dai bayani bai rage masa wahalar yini a rumfar albasa da ƙyalle a hanci ba. Haka ya yi fama har ƙarshen damina.

Da hunturu ya zagayo ya sake yin mura, ƙarama wannan karon, hazon ya dawo na kwana goma ya wuce. A zuwansa na ƙarshe, shekara guda da 'yan watanni bayan ciwon farko, yana yin cikakken yini a kasuwa sau huɗu a mako, sauran ranakun yana tashi da azahar. Raka'a ta daina ɓace masa sai jefi-jefi, sunayen manoma sun dawo. Na sake ba shi shafin lissafi rediyo na kunne, ya kai ƙarshe da kuskure ɗaya, kuma shi ya kama shi da kansa. Lissafin ka na dā bai dawo duka ba: idan adadi ya wuce buhu hamsin yakan jawo kalkuleta, kuma idan mutum uku suka taso masa da magana lokaci guda yakan ɗaga hannu ya ce a bi layi. Ya ba ni labarin cewa a makon da ya wuce an sauke kaya daga Goronyo, yana wucewa ya tsaya a kan wani buhu ya ce a kwance shi, aka kwance aka tarar ruɓa ta ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na ba shi ranar dawowa bayan wata shida, ya zaro ƙaramin littafin daga aljihu ya rubuta.